Guɗar Inna a Gidan Opera

A lokacin ni saurayi ne mai ji da kai, autan wata Badamagariya mai sayar da atamfa a kasuwar Barbès ta birnin Paris. Inna ce ta sa ni lakwal, wato makarantar koyon kiɗa, dangi na ta surutu wai gidanmu ba na maroƙa ba ne. Na ƙware a manyan gangunan Turawa, har wani dattijo ɗan Italiya, shugaban makaɗan opera, wasan waƙe-waƙen Turawa, a garin Lyon, ya ɗauke ni aiki. Mutum ne mai zafin rai, in ya ɗaga 'yar sandarsa ko tari ba a yi. Wallahi tsoronsa nake, kuma ba abin da nake so kamar ya yaba mini.

Ranar wasana na farko Inna ta ci ado, ta hawo jirgin ƙasa daga Paris. Ban faɗa mata cewa a gidan nan ba a motsi sai an gama ba. Bayan rugugin gangunana akwai wani shiru da dattijon ya daɗe yana horar da mu a kansa, kafin mawaƙiya ta shigo. Cikin shirun nan Inna ta rangaɗa guɗa. Wayyo Allah! Mutane suka waiwaya suna tsaki, mawaƙiyar ta rikice, ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige.

Da aka tashi, dattijon ya tare ni a ƙofar baya ya tambaye ni ko na san matar. Na ce ban taɓa ganinta ba. Ashe Inna na tsaye a bayana da ƙunshin kilishi, kuma Faransancinta na kasuwa ya ishe ta ta gane. Shi ma ba faɗa ya kawo shi ba. Ya ce muryar ta tuna masa da uwarsa a ƙauye, so yake ya gaishe ta. Kafin in juya ta fice.

Na roƙi gafara, ta ce ba komai, ta yafe. Amma ranar aurena mata suka yi ta zungurinta ta yi guɗa, ta ce maƙogwaronta na ciwo. Haka ta ce ranar sunan ɗiyata. Har ta rasu ban sake jin guɗarta ba, abin na cina har yau.

Ku masu tasowa a ƙasar mutane, kada kunyar baƙi ta sa ku ƙi naku. Masu tsakin nan sun manta kafin su isa gida. Uwa takan yafe, amma ba duk abin da ya tafi yafiya ke maidowa ba.