Wayar da Na Kafa a Tagar Inna

Shekarar da hawan jinin mahaifiyata ya tsananta ne muka fara maganar ajiye waya a gida. Ni kullum ina gona, can bayan Dayi. Maiɗakina kuma tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Ƙarfi, sai bayan la'asar take dawowa. Tun daga azahar, ba kowa a gidan sai Inna da yara uku, babbarsu 'yata ta fari mai shekara goma sha ɗaya. In wani abu ya sami tsohuwa, ba mu da hanyar da za mu ji.

Mun kwashe sati biyu muna ja-in-ja. Maiɗakina ta ce a bar musu tsohuwar wayarta, irin babbar nan ta shafawa. Na ce a'a, kafin rana ta yi tsaka sun cinye cajin da kallon rawa, ga wuta sai ta ga dama take zuwa. Ta ce to a sayi ƙarama mai tocila. Nan ma na ƙi, don na san 'ya'yana: aljihu za ta shiga, ranar da ake nemanta tana bakin rijiya ko filin ƙwallo. Ni mutum ne mai son a ce ya yi tunanin komai, kuma wannan halin ya sha jawo mini.

A Funtua na ga wadda ta kwanta mini a rai, wayar tebur mai eriya, ana sa mata layi kamar kowace waya. Lambobinta manya ne, cajinta na kwana da kwanaki, kuma ba ta shiga aljihun kowa. Na zagaya da ita ɗaki-ɗaki ina neman inda sabis ya fi ƙarfi, sai na same shi a tagar ɗakin Inna. Nan na kafa katako na ɗora ta. Na nuna wa yara cewa in sun danne ɗaya ni za su samu, tunda ni ke da babur, biyu kuma uwarsu.

Ranar gwaji na fita ƙofar gida, na ce babbar ta kira ni. Tana jin na ɗauka ta ce, "Baba, kana ji na?" cike da murna. Na dawo na rufe ta da faɗa. Na ce haka ake yi wa babba magana, ba sallama ba gaisuwa? Dama na sha gaya mata cewa yaro mai tarbiyya ba ya tayar wa mutum hankali da labarin ciwo, in an tambayi jikin mara lafiya "da sauƙi" ake cewa. Haka aka koya mini, haka na koya mata, ita kuwa ba ta mantuwa.

Da kaka ta zo, wata Laraba layin injin casa ya zo kaina, bayan na daɗe ina jira. Muna tsakiyar casar waken suya wayata ta yi ƙara. Na matsa gefe saboda ƙugin injin.

"Salamu alaikum. Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau."

"Ya aiki? Ya gajiya?"

"Da godiya. Mene ne?"

"Dama jikin Inna ne ya ɗan motsa."

"Ya jikin nata?"

Ta ce, "Da sauƙi."

Na ce ta ba ta maganinta, ina nan tafe. Na koma bakin injin, don in na sake shi sai wani satin. Ban baro gonar ba sai da aka ɗinke buhu na ƙarshe.

Na tarar da Inna kwance a ƙasa bakin ƙofar ɗakinta, bakinta ya karkace, hannunta na dama ba ya motsi. Yarinyar ta sa mata matashi, tana yi mata fifita, ga ƙwayar maganin a tafin hannunta ta jiƙe da gumi, don Inna ta kasa haɗiya. A asibitin Malumfashi likita ya tambaye ni tun yaushe abin ya fara. Da na faɗa masa, sai ya dube ni, na gane mun makara. Ɓarin jikinta ya shanye. Inna ta yi wata bakwai tare da mu, ba ta ƙara cewa uffan ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ban taɓa ɗora wa yarinyar laifi ba, amma ita ta ɗora wa kanta. Bayan sadakar uku ta same ni a zaure, ta durƙusa ta ce, "Baba, ai na yi yadda ka ce, ko?" Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba. Na zaɓi eriya, na zaɓi taga, na manta da abin da za a faɗa a ciki.

Da baƙi suka watse na tara su ukun a gaban wayar. Na ce wannan wayar ba a gaisuwa a cikinta, kuma ba a cewa da sauƙi. Abin da ido ya gani shi za a faɗa, ko da zai tayar mini da hankali. Na fita ƙofar gida na ce babbar ta gwada.

Wayata ta yi ƙara, na ɗauka. Ta ce, "Baba, Inna ta faɗi, ba ta magana. Ka zo yanzu."

Na tsaya a ƙofar gidan da waya a kunne.