Aladiyar da Ɓarayin Daji Suka Bari

Na fi shekara ashirin ina aikin malamin dabbobi a Birnin Gwari. Shanun Fulani na sani, tumaki da awaki na sani, har jakin da ya ƙi tashi an sha kira na a kansa. Alade kuwa a takarda kawai na san shi lokacin muna makaranta, shi ma don kada in faɗi jarrabawa. Ni Musulmi ne, ɗan gidan malamai, kuma a cikin garinmu ba a saba ganin alade ba sai mutum ya shiga ƙauyukan Gwari, wato Gbagyi, na bakin daji.

Matar da zan ba da labarinta dattijuwa ce, Bagwariya, daga wani ƙauye a yankin Kakangi. Ɓarayin daji suka shiga ƙauyensu, suka kore shanu da awaki, suka kwashe hatsi, mijinta kuma bai tsira da ransa ba. Abu ɗaya suka bari a gidanta, wata baƙar aladiya. Mutanen da ba su ji tsoron Allah wajen kashe rai ba, sai ga shi sun ji ƙyamar alade. Matar ta ɗauro ta a bayan a-kori-kura ta shigo gari da ita, ta samu wani kango a ƙarshen unguwarmu ta zauna. Aladiyar tana da ƙaramin ciki a lokacin.

Matar tana da ɗa guda, yana aiki a Kaduna, sai ya zo ya ce ta tattara su tafi. Ta ƙi. Ta ce kabarin mijinta da gonarsu suna nan, kuma daga cikin gari tana jin labarin ƙauye a bakin masu shigowa kasuwa, ranar da aka samu lafiya ita ce ta farkon komawa. Da ya rasa yadda zai yi da ita, sai suka yi yarjejeniya. In aladiyar ta haihu, kiwo ya kankama har tana iya riƙe kanta, zai bar ta. In abin bai yiwu ba, zai dawo ya ɗauke ta, ba gardama. Zamanta a ƙasar da ta sani gaba ɗaya ya rataya a kan cikin dabbar nan.

Ranar da ta fara zuwa wurina, muna zaune a majalisa bayan la'asar, ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidana. Ragona yana ɗaure a gefe. In faɗi gaskiya, a unguwar nan ba wanda ya kai ni iya turkar rago, kuma ba na ɓoye jin daɗina in an yaba. Ta tsaya daga nesa ta rusuna.

"Likita, sannu da hutawa."

"Yawwa Mama, sannu. Lafiya dai?"

"Alade na ne yana da ciki. Ina so ka zo ka duba mini shi."

Kafin in buɗe baki, wani abokina mahauci, wanda bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi, ya gyara zama ya ce, "Likita ya samu ƙarin girma ke nan. Ka je abinka, amma in ka dawo sai ka yi wanka bakwai kafin ka hau tabarmar nan." Majalisa ta kwashe da dariya.

Ni mutum ne mai saurin zuciya, kuma abin da na fi tsana a duniya shi ne a yi mini dariya a gaban baƙo. Maimakon in huce a kan mahaucin, sai na nemi hanyar da zan sallami matar da wuri.

"Mama, ciki ai ba ciwo ba ne. Ki ba ta abinci ta ci ta ƙoshi, shi ke nan."

Ta dubi ragona, wanda wuyansa ya cika har yana rinjayarsa, ta nuna shi da baki. "Kamar yadda kake ba wannan?"

"Kamar haka. Dusa, ƙasari, ƙuli-ƙuli in kin samu. Kada ki bari ta yi ta yawo."

Ta maimaita su ɗaya bayan ɗaya a kan yatsunta don kada ta manta, ta yi godiya, ta tafi. Muka koma hirarmu.

Na san abin da na faɗa ba daidai ba ne tun ban rufe baki ba. Turka ta dabbar da wuƙa ke jira ce. Kana ɗaure ta wuri ɗaya, kana ɗura mata, don ranar yanka a ga kitse a yaba. Mai ciki ba a yi mata haka, ko tunkiya ce, balle aladiya da ke tara kitse kamar an aike ta. A ƙauye aladun Gbagyi yawo suke yi, su tona nan su tona can, abin da ake ba su a gida ɗan kaɗan ne, shi ya sa suke haihuwa ba wahala. Ita kuwa a cikin gari dole ta killace tata a wani ɗan shinge da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, don kada ta shiga gidajen maƙwabta a ce ta kawo fitina. Ga rashin motsi, ga kuma maganar likita a kai.

Abin da ya ƙarasa lalata al'amarin shi ne kirkin matan unguwa. Sun ji labarin abin da ya samu matar, tausayi ya kama su. Ba za su shiga inda aladiyar take ba, amma kullum sai an ajiye mata ƙanzo da ragowar tuwo da bokitin ƙasari a bakin kango. Matata ma tana cikinsu, a gabana take fita da kwano. Daga baya na ji cewa ko abincin da aka kawo domin ita kanta, rabi take ci ta zuba wa dabbar rabi. In an yi mata magana sai ta ce likita ne ya ce.

Ta sake zuwa wurina da cikin ya tsufa, wannan karon a asibitin dabbobi. Ta ce, "Ya yi kyau sosai, Likita, sai dai tashi yana ba shi wahala." Fuskarta cike da murna take faɗa. Na ce mata nauyin ciki ne, ni kuma ina sauri zan tafi Kazage rigakafin shanu. Tafiyar gaskiya ce. Amma kangon nata a kan hanyata yake, kuma abin da ake bukata bai wuce in ɗora tafin hannuna a gadon bayan dabbar in danna ba. In ka danna ba ka ji ƙashi ba, ka san a rage abinci. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma albashin da nake karɓa ba a rubuta ban da alade a kansa ba. Na tayar da babur na wuce ta ƙofar kangon ban ko waiwaya ba.

Cikin aladiya wata uku ne da mako uku da kwana uku. Da lokacin ya cika, sai ga matar da hantsi a ƙofar gidana, ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Likita, tun asuba yake nishi, ba abin da ya fito."

Ban san abin da na gani a fuskarta ba, amma na ɗauki jakata na bi ta. Na leƙa shingen. Aladiyar tana kwance kamar buhun masarar da aka cusa ya wuce kima, wuya ya ɓace, ƙafafu sun zama 'yan guntaye a jikinta. Na sa safar hannu na tsallaka ciki. Kitse ya matse hanyar haihuwa, ita kuma in ta yunƙura sau biyu sai ta saki jiki tana haki. Na yi mata allura, na sa hannu na jawo ɗan farko, ya riga ya mutu. Haka muka yi ta fama har azahar ta wuce, ni a durƙushe cikin ƙazantar da na yi wata uku ina gudu, matar tana riƙe da kan dabbar tana yi mata magana da yarensu.

'Ya'ya tara ta haifa, huɗu ba rai. Washegari ta juya ta danne biyu, don ba ta iya ɗaga jikinta da sauri. Nonon ma da za ta ba sauran duk kitse ne, ruwan kaɗan. Zazzaɓi ya kama ta, na yi duk abin da na sani, a kwana na uku ta mutu. Aka bar matar da uku, maza biyu da mace ɗaya.

Ta rene su da madara da kunu a cokali. Ni kuma daga lokacin kusan kullum sai na je, ban damu da wanda ya gan ni ba. Mahaucin ma ya daina tsokana, ko da yake ba wanda ya roƙe shi. Da suka fara ci da kansu, ni nake auna mata abin da za ta ba su. Ta taɓa tambayata me ya sa nake ragewa haka, na ce mata yara ba sa son abinci da yawa. Ban faɗa mata sauran ba.

Duk da awon nan, 'ya'yan ba su yi tsawo ba, faɗi suka yi ta yi. Gajeru, dunƙulallu, in ka kama fatar bayansu sai kitse ya cika maka hannu. Ba zan rantse ba, amma abin da aka koya mana shi ne uwar da ta yi ƙiba fiye da kima tana da ciki, tun daga can 'ya'yanta suke fara tara kitse, tsoka ta biyo baya a makare. Da mai sayen aladu ya zo daga Kaduna, ya mammatsa mazan ya girgiza kai, ya ce masu saye nama suke nema, waɗannan kuwa mai ne zalla. Ya ɗauke su a abin da bai taka kara ya karya ba. Macen kaɗai ta rage abin sa rai. Sau biyu ana kai ta wurin namiji a wani ƙauye wajen Tabanni, sau biyu tana dawowa ba ciki. Da ɗan matar ya ji, ya aiko cewa yana zuwa ranar Asabar. Ba ta yi gardama ba, alkawari ne.

Da safiyar ranar ta zo yi mini sallama, ɗauke da doya uku a kafaɗa. Ta ajiye a gabana ta rusuna kamar ranar farko.

"Likita, na zo godiya ne. Kai Musulmi, ka shiga ɗakin alade saboda ni. Ba zan manta ba."

Na ce, "Haba Mama, ai aikina ne."

Ta ce, "Laifi na ne. Ka ce in ba shi ya ƙoshi, ni kuma ƙarfi na bai kai ba. Wata rana ƙuli-ƙulin ba na samu. Da na ƙara masa, da ya samu ƙarfin haihuwa."

Maganar tana bakina. Kalma nawa ce? Mama, ba ƙaranci ya kashe ta ba, yawa ne, kuma ni na ce ki yi. Ba kowa a wurin, ba majalisa, ba mahauci, ba mai yi mini dariya. Kunyarta kawai na ji, da tsoron yadda za ta dube ni in ta sani. Na buɗe baki na ce, "Haka Allah ya ƙaddara, Mama."

"Haka ne," in ji ta. Ta miƙe ta tafi inda motar ɗanta take jira.

Na ji bana wasu 'yan ƙauyensu sun fara komawa noma, ba ta cikinsu. An ce tana wani ɗaki a bayan gidan ɗanta, ba ta cika fita ba. Ina jin ciwon rasa aladiyar da ta yi, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da na bari ta tafi da shi. Matar da ta riƙa raba tuwonta biyu don dabbar nan tana can tana ganin ita ta bar ta da yunwa.