Yaya Sule, matuƙin da ya bar sama saboda Mma

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Kyaftin Sulemana, amma har yau in jirgi ya wuce ta kan zangonmu na Maamobi yana neman sauka, sai na ɗaga kai. Ba ni kaɗai ba. Tsofaffin layinmu ma haka suke, don a zamaninsa duk jirgin da ya gilma, na Sule ne a wurinmu, ko da kuwa shi yana ɗaki yana barci.

Mu biyu Mma ta haifa, shi ne babba. Da ya fara tuƙa manyan jirage zuwa Turai, kai, zango ya ɗauka! Ni kaina har tafiyata ta canza. Ranar da zai tashi, tsakar gidanmu sai ka ce tashar mota ta Circle: wannan ta kawo shito, soyayyen barkonon nan, a kai wa ɗanta, waccan yaji da busasshen kifi, wani hular salla. Yana dariya yana cewa, "Jama'a, jirgin nan fa ba motar trotro ba ce." Amma ban taɓa ganin ya mayar wa kowa ƙullinsa ba.

Abin da mutane ba su gani ba, mu na gida mun gani. Yakan dawo idanu jajur, rana ta zame masa dare, ya zauna gaban tuwo yana gyangyaɗi. 'Ya'yansa sun fi sanin jakarsa a kan fuskarsa. Sannan Baba ya rasu da safe, Yaya yana can wata ƙasa. Gawar Musulmi ba ta jiran kowa. Kafin la'asar an kai shi, shi kuwa bai iso ba sai da zaman makoki ya yi nisa. Aka raka shi maƙabarta, aka nuna masa tudun ƙasa. Da ya dawo gida ya tsuguna gaban Mma ya ce, "Mma, wallahi naki ba zai same ni a hanya ba."

Ba a daɗe ba ya nemi a mayar da shi sashen horo, ya zama mai koya wa matasa tuƙi. Da safe ya tafi, ya shiga aji, ko ya tashi da ɗalibi su yi ta zagaye suna sauka suna tashi, da yamma ya dawo gida kamar kowane ma'aikaci. Zango kuwa bai yafe masa ba. Aka ce sauke shi aka yi, aka ce idonsa ne ya mutu, wata har ta rantse wai ya kusa kayar da jirgi. Masu kawo shito suka ɗauke ƙafa. Na sha tsayawa a bakin famfo ina musayar magana da mata a kansa, shi ko a jikinsa. In na kai masa ƙara sai ya ce, "Hawa, bar su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Kada a ɗauka hutu ya samu. Samunsa ya ragu, kuma na san yana kewar dogon tashi, don wani lokaci yakan tsaya yana bin jirgi da ido har ya ɓace. Ranar da ya kayar da ɗalibi a gwaji, abinci ba ya shiga masa. Ya ce min babu abin da ya fi wuya irin ka zauna gefen yaro yana sauke jirgi, hannunka a kan gwiwa, zuciyarka tana cewa karɓe, kai kuma ka ƙyale shi ya koya. Amma ya yi ƙiba, ya san malaman 'ya'yansa, aka fara ganinsa a suna da jana'iza. Kullum kafin ya fita sai ya biya ɗakin Mma da kokonta da ƙosai, ya zauna a tabarma da fararen kayan aikinsa, tana yi masa faɗan ya cika sa sukari.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Dogayen benaye sun tsaya tsakaninmu da filin jirgi. Yaran da ya koyar sun zama manya, da yawansu suna aiki a ƙasashen Larabawa, suna turo hotuna daga sama. Kwanan baya aka yi jana'izar mahaifin ɗaya daga cikinsu a unguwar Nima, aka ce wani ya ɗaga waya sama don ɗan ya ga sallar daga inda yake. Ban ga laifin yaron ba, abinci ne ya kai shi. Yaya ma ba zai zarge shi ba, don ya ɗanɗani wannan zafin. Ina jin dai zai girgiza kai ya ce zumunci a ƙafa yake.

Alkawarin da ya yi wa Mma kuwa, Allah bai nufa ya cika shi yadda ya so ba. Wata safiya yana zaune a ɗakinta ya ce kansa na juyawa, ya jingina da ƙafarta. Kafin a samo mota, Mma ce ke laƙƙana masa kalmar shahada. Abokan ƙuruciyarsa suka yi masa wanka, ɗalibansa da mutanen zango, har da masu gulmar, suka cika titi.

Me ya rage nasa? Matuƙa da ke sauke jama'a lafiya, da 'ya'yan da suka san muryar ubansu. Mma tana nan da ranta, ta tsufa tukuf. Da na ce mata zan yi wannan rubutu, na kasa riƙe hawaye, na ce ga shi ya bar komai don ya binne ta, bai samu ba. Ta daka min tsawa. "Ke, rufe min baki! Da yana can, a akwati za a kawo min shi, a ƙasan jirgi tare da kaya. Ɗana a cinyata ya cika."

Allah ya jiƙan Yaya Sule, ya sa ya huta.