Na Je Ɗauko Kawu a Maiduguri

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da ɗan'uwana da ke tuƙi. Umma ce ta aike mu Maiduguri mu ɗauko yayanta, Kawu, mai shagon turare a unguwar Dala ta can. Ta ce ta gaji da zama kunne a rediyo, duk bam ɗin da ya tashi sai gabanta ya faɗi.

Har Potiskum lafiya lau muka yi ta gudu. Daga Damaturu ne shingayen sojoji suka yawaita, wani wurin a sauko da kai ka taka da ƙafa. A Benishek mun ga gidaje ba rufi, sai bango da baƙin hayaƙi, amma ga mai ƙosai a gefen titi tana suyarta. Muka saya muka ci. Ɗan'uwana ya ce yajinta ya fi shingayen sa shi gumi.

Ni malamin tarihi ne a sakandare. Kowace shekara ina koya wa ɗalibai bambancin kalmomi: ƙaura ita ce mutum ya tashi da kansa neman abinci, ɗan gudun hijira shi ne wanda tsoro ya tsallakar da shi iyakar ƙasarsa, wanda kuwa aka raba da garinsu amma yana cikin ƙasarsa, shi ma da nasa sunan. A gidan Kawu na tarar da su duka, suna cin abinci a tabarma ɗaya.

Garin kansa ya ba ni mamaki. Babu babur ko ɗaya, sai keke napep kamar fari, kasuwa kuma cike. Bandar kifi ta yi tsada saboda hanyar Baga ta lalace, amma shinkafar Zabarmari tana nan, sabuwa mai ƙamshi. Matar Kawu Babarbariya ce, ta tarbe mu da "Wushe, wushe," ta kawo burabusko da miyar kuka. Na ci har na ji kunya.

Gidan ya cika da baƙi. Akwai wata dattijuwa daga bakin tafkin Cadi wadda ta gudu Nijar da jikokinta, daga baya ta dawo ta nan. Na tambaye ta yadda ta ji da ta tsallaka iyaka. Ta ce, "Ɗana, ban ga iyaka ba. Ruwa na gani, na shiga kwalekwale. A can ma gidan ƙanwata na sauka." Ga kuma iyalin wani manomi da ke ɗakin soro, garinsu ba nisa amma ba shiga.

Washegari da hantsi na isar da saƙon Umma a shago. Kawu ya saurare ni yana auna turaren wuta. Kakanmu ne ya zo Borno da fatauci, yana kai kanwa da fata Kano, har ya zauna. Kawu a nan aka haife shi, Barebari na ce masa Afuno, wato Bahaushe, a Kano kuma mu ce masa ɗan Borno.

Ya ce, "Malam, a littafinku in na bi ka Kano, me sunana?"

Na ce, "Wanda aka raba da garinsu, Kawu."

Ya ce, "To ka ji. Ba wanda ya raba ni tukuna. In na rufe gidan nan, mutanen nan ina za su? Ka ce wa ƙanwata ina lafiya, ta ci gaba da addu'a."

Ban sake matsa masa ba. Muka juyo gida da sassafe, bayan mota cike da shinkafa da turare, kujerar da muka tanadar masa kuma babu kowa.

Tafiyar ta koya mini cewa kalmomin da nake rubutawa a allo mutane ne, masu jikoki da ciwon gwiwa, kuma mutum ɗaya yakan ratsa biyu ko uku a rayuwarsa. Haka zan riƙa koyar da su.

Da na gama ba Umma labari sai ta ce, "Taurin kai irin na babanmu. Bayan sallah ka gyara motar, ni za ka kai."