Ranar da Manhajata ta Tsaya Gaisawa da Shugaban Makaranta

Ko na tsufa har na fara neman tabarau alhali yana kan hancina, ba zan manta ranar da manhajata ta tsaya gaisawa da shugaban makarantarmu ta bar sauran jama'a a waje ba.

Lokacin ina ajin farko na babbar sakandare, a wata makarantar 'yan mata da ke wajejen Ƙofar Sauri. Muna da ƙungiyar koyon rubuta manhaja, kuma wata Malama ce ke riƙe da mu, siririya mai magana ƙasa-ƙasa, wadda ko ruwan sama ne ya biyo ta ba ta ɗaga ƙafa. Kwamfutocin ɗakinmu kuwa ina jin wasu sun girmi kakata. Ana nan sai shugaban makaranta, wani dattijon Alhaji, ya ce zai mayar da ɗakin ma'ajiyar karyayyun kujeru, sai fa idan mun nuna masa abin da muke tsinanawa a ciki.

Ni aka ba aikin, don na riga na cika kowa da baki. Manhajar hira na rubuta. Kwamfuta ɗaya ita ce saba, wato uwar ɗaki, sauran su same ta ta soket, bakin hanyar da saƙo ke bi tsakanin kwamfutoci. Duk wadda ta shigo, saba ta ware mata zarenta, kamar ɗan aike da zai kula da ita kaɗai, don kowa ya yi magana lokaci guda. Da na gama sai na ga abin babu tarbiyya. Mutum ya faɗo hira ko gaisuwa babu? Ni da aka haifa a Katsina? Sai na sa saba ta tambayi kwana ta jira amsa, ta tambayi gajiya ta jira, sannan mutan gida, aiki, har da ya zafi. Na gwada da ƙawata, muka amsa a gurguje, komai ya tafi daidai.

Ranar nuni aka zaunar da Alhaji gaban kwamfutar da ta fi lafiya, shi ya fara shiga. Da ya ga "Ina kwana?" a allo sai ya gyara hula. "Kai, madalla! Ashe tana da ladabi." Ya shiga amsawa da yatsa ɗaya, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Bai tsaya a lafiya lau ba, har ita ma sai da ya tambaye ta iyalinta. Yana kan gajiya wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka, ya buɗe wata sabuwar gaisuwar.

Sauran 'yan ƙungiya duk suka shiga. Kowace kwamfuta ta ce an haɗa, amma allo fayau, ko ɗigo. Ƙawata ta raɗa min, "Ke, gwana, abinki ya mutu." Gumin da na yi a lokacin, da an tara shi, da ya isa wankin kayan makaranta. Na fara hango karyayyun kujeru suna shigowa a jere. Na kai hannu zan kashe komai in sake kunnawa, Malama ta riƙe min wuyan hannu.

"Kar ki kashe. In kika kashe, kin kori mai shaida."

Har yau ina ganin yadda ta bi abin a natse. Ta taɓa wayoyin da suka haɗa kwamfutocin, suna nan daram. Ta aika ɗan saƙon gwaji daga kowace kwamfuta zuwa saba, amsa ta dawo. "To, ba hanya ba ce." Ta duba ko saba na sauraro a lambar da muka ba ta, tana sauraro. Ta duba soket-soket ɗin, duk sun iso suna jira. Sannan ta duba zare, babu ko ɗaya da aka ware. Sai ta koma kallon Alhaji, ba allo ba.

Da ya ajiye waya ta ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a ƙarasa gaisuwar."

Muka jira har ya kai ga zafi. Yana danna amsar ƙarshe, kwamfutar ƙawata ta farka: "Ina kwana?" Malama ta juyo ta dube ni.

"Ina kika ajiye gaisuwar nan, kafin a ware zare ko bayan an ware?"

"Kafin, Malama. Ai a bakin ƙofa ake gaisawa."

"To mai buɗe ƙofar guda ne. Yana can yana tambayar mutan gida, wa zai buɗe wa na baya?"

Alhaji ya ɗago. "Mi ya faru ne? Ni na ɓata ta?"

"A'a, ranka ya daɗe. Girmama ka ta yi, ta ƙi kula kowa sai ta sallame ka."

Ba ta karɓi kujerata ba, ko da yake cikin ƙiftawar ido za ta iya gyarawa. Tsayawa ta yi a bayana, ni na kwashe layukan gaisuwar da hannuna na mayar cikin zare. Muka sake kunnawa. Duk allunan suka gaishe mu lokaci guda, ɗakin ya kaure da ihu kamar an ce an ɗage jarrabawa. Na ce ko in cire gaisuwar gaba ɗaya, Alhaji ya ɗaga yatsan nan nasa mai aiki. "Kul! Duk wadda ta taɓa ta, kujeru na nan tafe." Kujerun dai a bayan ɗakin gwaje-gwaje suka ƙare.

Yanzu ina ajin ƙarshe, ƙanana nake koya wa a ɗakin nan. Idan abu ya tsaya musu suka kai hannu za su kashe, sai in ji muryar Malama ta fito daga bakina. A wurinta na koyi cewa idan abu ya lalace, a fara tambayar me ke aiki, ɗaya bayan ɗaya, har a iso inda ya maƙale. Gaisuwa kuma ban daina ba, sai dai yanzu nakan bar baƙo ya shigo ya zauna tukuna.