Sifirin Tifa da Cinyar Yayana

Lokacin da Lafia take cikin jihar Filato, ina da wata tsohuwar jif mai jan gaba da baya, da ita nake ɗauko doya daga gonarmu da ke bayan Assakio. Manyan motoci sun haƙe hanyar gefe biyu sun bar tudu a tsakiya, kullum cikin motar yana gogar ƙasa. Sai na kai ta wurin wani makanike, mutumin Eggon, na ce ya ɗaga mini ita.

Ya samo sifirin wata matacciyar tifa, wato jerin ƙarafan da ke ɗauke da nauyin mota, ya yanka, ya ƙara ganye uku-uku a kowace ƙafa. Mota ta tashi har sai na kama ƙofa nake hawa. Shokozoba kuwa, masu rage jijjiga, tsofaffin sun yi gajarta, ya cire su, ya ce in nemo dogaye a Jos.

"Malam, wannan mota yanzu ba ya son wofi," in ji shi. "Ka ba shi doya, zai yi maka laushi kamar katifa. In babu kaya, riƙe haƙoranka."

Muka yi dariya. Da yake kullum da kaya nake dawowa, ban taɓa zuwa neman dogayen ba.

A ƙarshen wata damina aka aiko cewa yayana, wanda yake zaune a gonar, ya faɗo daga kan rumbu ya karye a cinya. Na isa bayan azahar, na tarar mai ɗori ya ɗaure ƙafar. Ya ce da ni ƙashin ya huda fata, wannan sai asibitin Lafia, amma in ya goce a hanya ƙafar ba za ta koma daidai ba.

Na san halin motata, sai na sa aka jera doya ƙwarya huɗu, wato guda ɗari huɗu, aka shimfiɗa ciyawa da tabarma, aka kwantar da shi a kai.

"Malam ƙarami," ya ce, "in mun isa kasuwa, ka ce musu wannan babbar ta sama ta fara ruɓewa."

Muka tafi lafiya lau har fadama ta farko. A nan nauyin da ya tausasa motar ya nutsar da ita cikin laka. Manoma suka fito daga gonakinsu, aka tura, aka sa itace, ko motsi. Wani dattijo ya ce sai an sauke doyar. Mutum shida suka ɗaga yayana a kan tabarma, ya ciji hannun rigarsa har ya yage. Aka sauke doyar, mota ta fita.

Na ce a mayar da doya. Dattijon ya ce akwai fadama biyu a gaba, ga hadari ya haɗo, ɗaurin kuma ya jiƙe da jini. Yayana ya ce, "Don Allah kada ku sake ɗaga ni. Ku sa ni sau ɗaya, mu tafi."

Muka bar doyar a bakin hanya. Na sa giya ta ɗaya, mai tafiya a ƙasa ma zai wuce ni, amma kowace saiwa, kowane dutse, sai motar ta mayar da shi cikin ƙashinsa. Ina jin salatinsa ta bayana yana yankewa. Babu abin da hannuna ko ƙafata za su iya ragewa. Kusa da kwalta akwai wani ɗan rami da ruwa ya yanka a faɗin hanya, babu ta inda zan kauce. Na tsaya, na yi bismillah, na saki a hankali. Ƙafar baya ta faɗa, yayana ya yi ƙara ɗaya, muka hau kwalta sai Lafia.

A asibiti suka ce ƙashin ya hau kan ɗan'uwansa. Ƙafar ta warke, amma ta rage tsawo da kamar yatsa uku, ba ta kuma lanƙwasa sosai. Bai sake noma ba. Har Allah Ya karɓi ransa a kan kujera yake sallah, a ƙarshen sahu, ni kuma ina gefensa. Allah Ya jiƙansa.