Ranar da Ruwanmu Ya Daina Wari

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Kwana biyu kun ji ni shiru. Wannan maganar kuwa shekara da shekaru tana cikina ban taɓa rubuta ta ba. Jiya na ji wata ƙanwata tana ce wa ɗanta, "Sha mana, ai ruwan famfo ne." Shi ya zaunar da ni na rubuta.

Lokacin ina amarya a Unguwar Hajji, cikin Karaye, zamanin mulkin soja. Daga Kwanyawa aka kawo ni, inda rijiya kawai muka sani. In na sauke tukunya, sai in kwanta da littafin soyayya na haya. A ganina, famfo a ƙofar gida rayuwar matan cikin littafi ce, ga shi na samu.

Tankin unguwarmu kwamiti ne ke kula da shi, surukina kuma shi ne shugaba. Doka ta ce a riƙa zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, a riƙa kai ruwan gwaji. Amma dattawa suka yi ta ƙorafi: ruwa yana warin asibiti, ya ɓata musu shayi, masu koko sun ce ciniki ya ja baya. Sai Baba, surukin nawa, ya sa aka daina zuba maganin, ba a sanar da hukuma ba.

Ranar na ɗebo, na shinshina, babu wari. Har murna na yi.

Damina ta sauka, ciwo ya sauka.

Da ciwon kai ya fara, sai zazzabi duk yamma, sai ciki ya ɗauka. Ga ni da ƙaramin ciki, na fari.

Inna, uwar mijina, ta ce, "Littattafan nan ne. Mace ta wuni tana hira da mutanen da babu su, ba dole aljanu su zo taya ta ba?" Aka yi hayaƙi, aka karɓo rubutu. Rubutun kuwa da ruwan famfon nan aka wanke mini shi.

Da na daina gane mutane, maigidana ya sa ni a bayan a-kori-kura sai asibiti. Aka ɗebi jini, aka ce taifot ne. Ƙarin ruwa, allura safe da yamma, hannuna duk ya kumbura. Tunkiyar da aka ba ni ta aure ta tafi a kuɗin magani, keken maigida ya bi ta.

Cikin bai tsaya ba.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Ina kwance ina kallon ledar ruwa tana ɗiga, ina tunanin a littafi jaruma ba ta mutuwa a tsakiyar labari. Ni fa?

Likita ya tambaye ni, "Wane ruwa kike sha?"

Na ce, "Na famfo, likita." Har da ɗan alfahari.

Ya nuna mini da baki. "Kin ga gadon can, da na can? Duk 'yan unguwarku ne."

Na dawo gida kamar kara, gashina yana bin mataji. Sai aka ce duba-gari yana bi gida-gida yana tambayar waɗanda suka kwanta.

Baba bai taɓa yi mini doguwar magana ba, ni ma ban taɓa ɗaga ido a gabansa ba. Ranar sai ga shi a bakin ɗakina, ya tsaya ta bayan labule.

"'Yata, ya ƙarfin jiki? Gobe duba-gari zai zo. In ya tambaye ki, ki ce a Kwanyawa kika sha ruwan rijiya. Maganar gida a gida take ƙarewa."

Na durƙusa na ce, "Baba, an koma zuba maganin?"



Inna ta taso daga madafi. "Ke! Surukin naki kike yi wa tambaya? Wannan a wane shafi kika karanta?"

Maigidana ya same ni daga baya, ransa a dagule. "Ki rufa mana asiri. In kika tona Baba, anya zama zai yiwu a gidan nan?"

Na ce, "Malam, cikin da ya zube naka ne. Ka leƙa waje ka gani, har yanzu layi ake yi a famfon."

Ya fita, ya dawo da itace, ya ɗora mini ruwa a wuta da kansa.

Kafin in gaya muku ƙarshen, na gode wa Allah da Ya tashi kafaɗata. Na gode wa ma'aikaciyar jinyar da ke juya ni ba ta taɓa yamutsa fuska ba, da mutumin nan da ya sayar da kekensa, wanda har yau muna tare.

Ku kuma, don Allah: ruwa ya yi fari ba shi ne lafiyarsa ba. In kuna shakka, ku tafasa. Zazzabi ya ƙi sauka, ku je a gwada jini, addu'a ba ta hana asibiti. Ku tambayi masu kula da tankinku yaushe rabon da a gwada ruwan, ko da wanda za ku tambaya shi ya haife ku. Ni har yau in na ji warin nan a ruwa, hamdala nake yi.

Akwai waɗanda suka daina amsa gaisuwata tun daga wannan lokacin. Ban bi su da ban haƙuri ba.

To, washegarin ranar da Baba ya zo bakin ɗakina, duba-gari ya yi sallama. Ina ji Inna tana ce masa amarya barci take yi.

Na yafa mayafi, na dafa bango har zaure. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ban je Kwanyawa ba. Ruwan tankinmu na sha, kuma an daina zuba masa magani."